TAMBAYA DA AMSA: Wai a wace kasuwa suke auna tsadar nan?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na ɗauko wannan makon, biyu daga cikin Katsina ɗaya daga Daura, kuma duk ukun abu ɗaya suke zagayawa wato lambobin nan da ake karanto mana a rediyo tsakiyar kowane wata ace hauhawar farashi ta hau ko ta sauka. Na farkon ya daɗe a wajena, Baba ayi haƙuri.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin firamare ne na aje aiki, ina zaune nan Rafindaɗi cikin Katsina. Abin da ke cina a rai tun farkon 2025 shine, ina kishingiɗe ina jin rediyo sai naji ance wai hauhawar farashi ta sauko daga 34 da wani abu zuwa 24 da wani abu cikin wata ɗaya tal, washegari na ɗauki buhuna na nufi 'Yar Kutungu da murnata, wallahi ko gishiri bai sauka ba. To dan Allah su mutanen nan wace kasuwa suke zuwa mu ma mu riƙa zuwa can? Ko dai raina mana hankali ake?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kunnenka bai yaudare ka ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa wato NBS tace a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, sai ga rahoton Janairun 2025 ya fito da 24.48. Kuma gishiri bai sauka ba ɗin, kai ma gaskiyarka. Abu biyu ne suka cakuɗe a nan.

Na farko, ita wannan lambar ba farashi take faɗa ba, yawan ƙarin da aka samu take faɗa tsakanin wannan watan da irinsa na bara. Ka ɗauka magini ne yake ɗora katanga, bara ya ɗora layi goma na bulo bana ya ɗora layi biyu, to aikinsa ya ragu amma katangar ƙara tsawo tayi. Mu ƙaddara tiyar gero tana naira 1,000 sai ta koma 2,000 bayan shekara, ƙarin kashi 100 kenan, shekara ta sake zagayowa ta koma 2,200, ƙarin kashi 10 kenan. Mai karanta labarai zai ce hauhawa ta faɗo daga 100 zuwa 10 kuma bai yi ƙarya ba, kai kuma mai buhu a hannu 200 aka ƙara maka. Wani ɓangare na laifin a wajen mu masu rubutu da 'yan rediyo yake, dan sau da yawa sai mu fassara abin da cewa "farashi ya sauka" saboda yafi daɗin faɗa.

Na biyun shine ainihin abin da ya faru a wancan watan, tiyar awon aka canza gaba ɗaya. Kuma dole in ɗan ja ka baya kafin ka gane.

Babu hukumar da zata iya bin farashin duk abin da ake saidawa a Najeriya, sai su rubuta wani cefane na ƙa'ida wanda suke ganin shine iyali ke saye, su riƙa bibiyar kuɗinsa wata-wata. Kafin su rubuta shi sai sun shiga gida-gida a birni da ƙauye suna tambayar mutane me kuka saya, nawa kuka kashe a abinci, nawa a haya, nawa a magani da makaranta da kuɗin mota. Daga nan ake fitar da rabon kowane abu a cikin naira ɗari da iyali ke kashewa. Wannan rabon shine zuciyar lissafin, dan ashana ko ta ninka sau biyar ba zata motsa lambar ba, amma shinkafa ta ɗan ɗaga kaɗan sai an gani. Dabarar ba sabuwa bace, wani Bajamushe mai suna Laspeyres ya tsara ta tun 1871 kuma har yau kusan duk duniya a kan tushenta ake tafiya: ka riƙe cefane ɗaya kar ka canza, ka duba nawa ya koma.

To matsalar ƙasashe irin namu, shiga gida-gidan nan kuɗi yake ci ba kaɗan ba, sai a yi ta ɗagawa. Shawarar da masana suka tsayar a duniya ita ce a sabunta rabon aƙalla duk shekara biyar. Mu kuwa har ƙarshen 2024 muna aiki ne da rabon da aka ciro daga binciken gidaje na 2003 zuwa 2004, aka ɗan daidaita shi da farashin Nuwambar 2009. Baba tuna min Katsinar 2004. Wayar salula shekara uku kenan da shigowarta ƙasar, mutum nawa ne a unguwa ke da ita? Ba data, ba mai POS a bakin titi, ba sola a kan rufin kwano, tukunyar gas sai gidan wane da wane. Da cefanen wancan zamanin ake auna rayuwar jikokinka har shekara ashirin.

A farkon 2025 ne suka sabunta. Kayan da ake bibiya suka tashi daga 740 zuwa 934, aka mai da 2024 shekarar da ake kwatantawa da ita, rabon kuma aka ɗauko daga abin da gidaje suka kashe a 2023. Inda hayaniya ta tashi shine abinci, da yana da kusan 52 cikin ɗari sai ya koma wajen 40. Ni ma da na fara gani sai da nace kai, a wannan marrar ce za'a ce mana abinci ya rage cin kuɗi? Amma da na duba sauran layukan sai naga rabon cin abinci a waje da masauki ya tashi daga wajen 1 zuwa kusan 13, sufuri ma ya tashi daga 6 da rabi zuwa sama da 10. Kaga kenan wani abincin ba ɓacewa yayi ba, ɗaki aka canza masa, ya koma wajen mai shayi da mai ƙosai da mai garau-garau da gidajen abinci. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura da daddare ya ga samarin da ke zagaye da teburin mai indomi yasan wannan ba ƙarya bane.

Amma duba yadda rabo ke juya lamba. Misali ne nawa ba na hukuma ba: abinci ya tashi da kashi 50, sauran komai ya tashi da kashi 10. In rabon abinci 52 ne lissafi zai baka wajen 31. In 40 ne zai baka 26. In kuma gidan ɗan fansho ne mai iyali da yawa wanda naira 70 cikin ɗarinsa tukunya take tafiya, to nashi 38 ne. Kasuwa ɗaya, farashi ɗaya, amsa uku. Shi yasa bai kamata a jera 34.80 da 24.48 ace an samu sauƙin maki goma ba, kamar ka auna hatsi da kwanon Dandume ne jiya yau ka auna da wani kwanon daban kace rumbu ya ƙaru.

Ra'ayina dai sabuntawar ta zama dole har ma ta makara, inda aka gaza shine wajen bayani, musamman da Hausa. Kuma shawarata gareka in kana son lambar da tafi kusa da aljihunka, bar babbar nan da ake sa wa a kanun labarai ka nemi ta abinci, suna fitar da ita daban har jiha-jiha, akwai ta ƙauye akwai ta birni. A Disambar 2024 ɗin nan da babbar take 34.80 ta abinci 39.84 ce. Sannan kar ka yar da lambar gaba ɗaya dan kana fushi da ita, makami ce a hannunku. Tsarin mulkin ƙasa ya ce a duba fansho duk shekara biyar ko duk sanda aka duba albashi, kuma in ƙungiyarku ta zauna da gwamnati ba abin da zata ɗora a tebur da ya wuce wannan lissafin da gwamnati da kanta ta fitar. Irin hujjar da 'yan ƙwadago suka riƙe kenan kafin mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina saida kayan miya da hatsi a Daura shekara goma sha, kuma ni dai ban taɓa ganin wani yazo da takarda yace gwamnati ta aiko shi tambayar kuɗin kaya ba. Kuma ko yazo wane kuɗin zan faɗa masa? In naga mutum da babbar riga kuɗinsa daban, in maƙwabciyata ce daban, safe daban yamma daban. To ya suke yi?

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya kawo kasuwa. Wallahi tambayarki ita ce ciwon kan masu wannan aikin a duk Afirka, har littattafai aka rubuta a kanta.

Rashin ganinsu ba abin mamaki bane. Ba kowa suke tambaya ba, zaɓa suke. A tsohon tsarin mutum 10,534 ne a faɗin ƙasar nan ke basu farashi, ki raba wannan a jihohi 36 da Abuja, birni da ƙauye, ki tuna cikinsu akwai mai kemis da tela da makaranta da gidan mai da mai gidan haya, sai kiga 'yan kasuwa ƙalilan ne zasu faɗo a Daura. Kuma ƙa'idar aikin ita ce in an zaɓi mutum shi za'a riƙa komawa duk wata, kan kaya iri ɗaya, a kusan ranaku ɗaya. Dan in wannan watan suka tambayi shinkafa 'yar gida a wajenki wata mai zuwa suka tambayi 'yar waje a kanti, bambancin da zai fito ba tsada bace.

A Ingila ko Amurka aikin da sauƙi, kaya na kan kanta da kuɗinsa a manne, yanzu ma manyan kantuna na tura musu lissafin cinikinsu ta kwamfuta. Nan kuwa fa? Tumatur kasa shi kike, kashin ɗari biyu na yau ba shine na makon jiya ba, kuɗin bai canza ba kin dai zare biyu. Tiya wata an bubbuga gindinta ta shiga ciki, wani yana cikawa da tozo wani yana shafewa, mudu daban kwano daban gwangwani daban. Ga gyara, wadda ba ta cikin kowane littafin turawa. Maganin da aka samo shine sikeli, ma'aikaci ya auna kashin nan ko tiyar nan ya mai da shi kilo, sai a rubuta kuɗin kilo ɗaya. Da haka ne kawai ake kama irin tsadar nan mai sanɗa, wadda ƙosai ke ƙanƙancewa burodi ya zama iska ƙullin suga ya koma kamar layar yaro alhali kuɗin na nan yadda yake.

Zancen tayi kuwa, abin da ake so a rubuta shine kuɗin da aka sallama ba wanda aka fara yankawa ba. Wasu ƙasashen sukan ba ma'aikaci kuɗi ya saya da gaske ya taya kamar kowa, wasu ya tsaya gefe ya ji yadda ake sallama wa masu saye, wasu kuma dogaro suke da sabo, in ya shekara yana zuwa wajenki ai kin daina yi masa kuɗin baƙo. Kowace hanya da ramin ta. Mai saye da kuɗin gwamnati baya tayi da zafi irin na matar da aka ba dubu biyu akace ta ciyar da mutum tara, wannan ko ba'a faɗa ba.

Akwai kuma lokacin da abu ɗaya ke da kuɗi biyu a fili. Kin tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, in da tsabar kuɗi kazo kuɗinka daban in taransifa ne daban, har dabbobi aka riƙa karyarwa a kasuwannin ƙauye dan kawai a riƙe takardar naira. Ko lokacin layin mai, gidan mai na da kuɗin gwamnati amma ba man, ɗan bumburutu na da man a galan da nashi kuɗin. Wanne ne farashin fetur a ranar? A ƙa'ida wanda mutane suka biya da gaske, amma rubuta na allon gidan mai yafi sauƙi, kuma nan ne lissafin ƙasashe da yawa ke yin rauni.

Sai kayan da ke zuwa da lokaci. Mangwaro in ya wuce ya wuce, ɗanyar gyaɗa da ɗanyar masara haka, to layinsu a takarda ba'a barinsa fanko, sai a ƙiyasta da yadda 'yan uwansu suka motsa har su dawo. Shi yasa ma ake kwatanta wata da irinsa na bara, dan kowa yasan hatsi na sauka da kaka ya hau in damina ta tsaya, tumatur yayi arha da rani yayi tsada da damina, in ka kwatanta Nuwamba da Agusta zaka yi ta murnar banza duk shekara.

In wata rana wani yazo da sikeli da waya yana tambayarki, ki nemi katin shaidarsa, in ya nuna ki faɗa masa kuɗin da kike sallamawa. Ba mai karɓar haraji bane, duk da nasan da wuya ɗan kasuwa ya yarda da wannan maganar.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ɗalibi ne ni a nan Katsina amma gidanmu wajen Batsari ne. Tambayata biyu. Babanmu geron da muke ci shi ya noma, to shi yana cikin lissafin? Sannan tsakani da Allah gwamnati bata iya murɗa lambar nan?

AMSA: Lafiya lau ƙanena, Allah ya bada sa'ar karatu. Ta farkon ƙasashe sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa abin da aka ciro kuɗi aka saya kawai za'a lissafa, wasu na yi wa geron rumbu kuɗi da farashin kasuwa su sa shi cikin rabon. Kuma ba ƙaramar magana bace a ƙasar da manoma suka yi yawa, dan tsadar gero ga Baba na Rafindaɗi masifa ce, ga babanku kuwa in rumbu ya cika har ya saida rara riba ce, shi tsadarsa tana wajen taki da maganin feshi da kuɗin lebura, waɗanda kayan sana'a ne basa cikin cefanen iyali. Sai in rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna, ko an hana shi zuwa gona kamar yadda kuka sani a yankinku, sannan ya dawo layin masu awo.

Ƙauye dama shi ake fara mantawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi shekaru lissafinsu na Yamai ne kawai kafin su faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasar, haka ma sauran ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, a da babban birni ake aunawa ace ƙasa ce. Mu a takarda muna da na ƙauye, sai dai ka tambayi kanka a 2021 da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu, ta yaya farashin wajen zai iso Abuja daidai. Inda ba'a iya zuwa ƙiyasi ake yi da na kusa, kuma wajen da ba'a iya zuwa ɗin sau da yawa nan ne kaya suka fi tsada.

Ta biyun, eh ana iyawa kuma an taɓa yi. Ajantina daga 2007 gwamnati ta sa hannu a hukumar ƙididdigarta, lambar hukuma ta riƙa fitowa ƙasa sosai da abin da masu lissafi masu zaman kansu ke samu, har asusun lamuni na duniya IMF ya tsawata mata a hukumance a 2013. Zimbabuwe kuwa a 2008 da lambar watan Yuli ta kai kashi miliyan 231 sai aka daina fitarwa ma, kantuna sun zama fanko ba abin da za'a auna. Dalilin kwaɗayin murɗawa a bayyane yake, da lambar ake rigimar albashi, da ita masu ba ƙasa bashi ke dubawa, da ita Babban Banki ke yanke kuɗin ruwa, shi yasa ya kai shi 27.5 a ƙarshen 2024.

Amma dai ni ban ɗauki tamu a wannan sahun ba. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke darajarta a watan da ya biyo, hukumar nan ce da kanta ta riƙa fitar da lambar da ke hawa wata bayan wata har ta haura 34, kuma ba gwamnatin da ke jin daɗin irin wannan labarin. Abin da nafi tsoro ba murɗiya bace, ƙarancin kuɗin aiki ne, ma'aikacin da ba'a bashi kuɗin mota ba ya zauna a gida ya cike na watan jiya, da kuma a sake barin rabon nan ya tsufa shekara ashirin. Tunda ɗalibi ne kai ga aiki na baka: ka samu littafi ka rubuta abu goma sha biyar da gidanku ke saye da nawa ake kashewa a kowanne a wata, duk ranar ɗaya ga wata ka koma wajen mutum ɗaya ka tambaya, hatsin kuma ka riƙe tiya ɗaya taka ta gida kar ka yarda da ta mai awo. Bayan wata goma sha biyu ka turo min, zan jera shi da na NBS na jihar Katsina a wannan shafin.

Mai tambaya kan kuɗin haya daga Funtuwa, saƙonka ya iso a yanke daga inda kace mai gida ya aiko dillali, dan Allah sake turowa.